Yawan Jami'ai ko Ingancin Aiki: Tsokaci kan Tsaron Filayen Jiragen Sama

Duk wanda ya taɓa bin layin bincike a filin jirgin sama, ya kwance agogo da ɗamara, ya zube makullai da wayar hannu a cikin tire, sannan ya ɗaga hannuwa sama kamar wanda aka ritsa, ya san cewa tafiya ta jirgin sama ta canza daga yadda iyayenmu suka santa. Da yawa daga cikin waɗannan tsare-tsare a Amurka aka ƙirƙiro su, daga can kuma suka bazu cikin duniya, domin duk ƙasar da ke son jiragenta su sauka a Amurka tilas ne ta bi sharuɗɗan da Amurka ta gindaya. Saboda haka muhawarar da Amurkawa suka daɗe suna tafkawa a kan wanda ya kamata ya tsare filayen jiragensu ba ta tsaya a kansu su kaɗai ba. Jigon muhawarar shi ne: shin ƙara yawan jami'an tsaro na gwamnatin tarayya, da faɗaɗa ikonsu, da riƙa musu bindiga, shi ne ke kare ran matafiyi? Ra'ayina shi ne gwamnatin tarayya ta yi daidai da ta ɗauki alhakin wannan aiki, amma masu neman a ci gaba da tara jami'ai masu makami da ikon kamu a bakin layin bincike sun bar jaki suna dukan taiki. Zan yi ƙoƙarin kafa hujja da abubuwan da suka faru, ba da zato ba.

Yana da kyau mai karatu ya san cewa matsalar ta girmi harin 2001. Tsakanin 1968 da 1972 an yi fashin jiragen saman Amurka fiye da 130, mafi yawansu ana tilasta wa matuƙi ya karkata zuwa Kuba. A watan Satumba na 1970 wasu 'yan gwagwarmayar Falasɗinu suka karkatar da jirage zuwa wani fili a hamadar Jodan, suka sauke mutane, suka tarwatsa jiragen a gaban 'yan jarida. Shugaba Nikson ya mayar da martani da sanya jami'ai masu bindiga a cikin jirage. To amma fashin bai tsaya ba sai bayan da aka wajabta, a watan Janairun 1973, cewa kowane fasinja ya bi ta ƙofar da ke gano ƙarfe, kuma a binciki jakar hannunsa. Daga nan fashin ya ragu ƙwarai. Tun a wannan lokaci darasi ya fito fili: hana makami shiga jirgi ya fi sanya mai makami a cikin jirgi amfani.

Sai dai gwamnati ta ɗora nauyin binciken a kan kamfanonin jiragen sama, su kuma suka bayar da shi kwangila ga kamfanonin gadi, wanda ya fi araha shi ke samu. Araha kuwa ba ta ado. Ofishin da ke bin diddigin ayyukan gwamnati a madadin majalisar dokokin Amurka ya bayyana a shekarar 2000 cewa a manyan filayen jirage 19, yawan masu binciken da ke barin aiki a shekara ya kai kashi 126 cikin ɗari, wato kafin shekara ta zagayo an sauya ma'aikatan kaf, har an taɓa na biyu. Albashinsu bai wuce mafi ƙarancin albashi da komai ba, har ma a wasu wuraren mai sayar da abinci a cikin filin jirgin ya fi su samu. Mutumin da ya fara aiki watan jiya, yana kuma neman wani aikin da zai koma watan gobe, shi aka damƙa wa rayukan ɗaruruwan mutane.

A ranar 11 ga Satumba 2001 mutum 19 suka yi fashin jirage huɗu, suka hallaka mutane kusan 3,000. Cikin wata guda Majalisar Dattawan Amurka ta amince, da ƙuri'a 100 ba tare da ko mutum ɗaya ya ƙi ba, cewa masu binciken fasinja su zama ma'aikatan gwamnatin tarayya. A Majalisar Wakilai an kai ruwa rana, domin 'yan jam'iyyar Rifablikan da yawa suna ganin wannan kumbura gwamnati ne, har suka kayar da tsarin dattawan da ƙuri'a 218 a kan 214. Daga baya aka daidaita, Shugaba Bush ya sa hannu a dokar ranar 19 ga Nuwamba 2001, aka kafa Hukumar Tsaron Sufuri, wadda aka fi sani da TSA, aka ba ta shekara guda ta karɓi bincike a filayen jirage fiye da 400. Ta ɗauki dubun-dubatar ma'aikata cikin wannan ɗan lokaci, a 2003 kuma aka mayar da ita ƙarƙashin sabuwar Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida. Dogaran jirgi, wato jami'an da ke shiga jirgi cikin farin kaya da bindiga a ɓoye, su 33 ne kacal a ranar harin. Bayan harin aka mayar da su dubbai.

Wannan mataki ina goyon bayansa, dalilina kuwa mai sauƙi ne. Kamfanin jirgin sama ɗan kasuwa ne, burinsa jirgi ya tashi a kan lokaci da kuɗi kaɗan, bincike kuwa jinkiri ne da kashe kuɗi. Bai kamata a ba mutum aikin da ribarsa take cikin yinsa sama-sama ba. Bugu da ƙari, jirgin da ya tashi daga ƙaramin gari zai sauka a babban birni, fasinjan da aka bincika a can ba za a sake bincikarsa ba, saboda haka raunin fili ɗaya rauni ne ga dukkan filaye. Abin da ya shafi ƙasa baki ɗaya, hukuma ɗaya ce ya dace ta tsara masa ma'auni, ta kuma amsa laifi idan ya lalace.

Amma a nan ne ya kamata a yi hattara, domin mutane da yawa sun ɗauka cewa sakacin masu gadin kwangila ne ya jawo harin 2001. Rahoton kwamitin da ya binciki harin, wanda ya fito a watan Yulin 2004, ya nuna cewa al'amarin ya wuce haka. Dokar wancan lokaci ta yarda fasinja ya shiga jirgi da wuƙar da kaifinta bai kai inci huɗu ba. Ko da jami'in tarayya ne a bakin ƙofa, da wuya ya karɓe abin da doka ta halatta. An horar da ma'aikatan jirgi cewa su bi umarnin 'yan fashi, su lallaɓa su har jirgi ya sauka lafiya, domin a da ɗan fashi ciniki yake nema, ba mutuwa ba. Ƙofar ɗakin matuƙa ba ta da wani ƙarfi. Mafi muni kuma, hukumar leƙen asirin Amurka ta san biyu daga cikin maharan tun kafin lokacin, amma sunayensu ba su isa ga hukumar sufurin jiragen sama ba, wadda jerin mutanen da ta hana hawa jirgi bai wuce sunaye goma sha biyu ba. Ashe ɓarakar tana cikin doka, da horo, da ƙofa, da rashin isar da labari daga wannan ofis zuwa wancan.

Idan aka tambaye ni abin da ya hana a sake irin wannan hari, zan ambaci abu biyu, kuma babu ɗayansu da ya danganci yawan jami'ai. Na farko shi ne ƙofar ɗakin matuƙa da aka ƙarfafa, aikin da aka kammala a jiragen Amurka a 2003. Na biyu shi ne sauyin da ya auku a zukatan fasinjoji. Tun a safiyar harin, fasinjojin jirgi na huɗu, da suka ji ta waya abin da ya sami sauran jiragen, suka afka wa maharan, jirgin ya faɗi a wani fili a jihar Fensilbeniya bai kai inda aka nufa da shi ba. A watan Disamba na wannan shekara, wani ɗan Birtaniya mai suna Richard Reid ya yi yunƙurin kunna nakiyar da ya ɓoye a takalminsa cikin jirgin da ya taso daga Faris zuwa Miyami. Ma'aikatan jirgin da fasinjoji ne suka danne shi suka ɗaure. Babu dogarin jirgi a cikinsu.

Misalin da ya fi kusa da mu, wanda kuma ya fi kowane bayyana abin da nake nufi, shi ne na ranar 25 ga Disamba 2009. A ranar, Umar Faruk Abdulmutallab, matashi ɗan Nijeriya mai shekara 23, ya yi ƙoƙarin tayar da abin fashewar da aka ɗinke a cikin kamfansa, a jirgin da ya taso daga Amsadam zuwa Ditiroyit ɗauke da mutane kusan 300. Daga Legas ya tashi, ya bi ta bincike a can, ya sake bi ta bincike a Amsadam, ƙofar gano ƙarfe kuwa ba ta ganin hoda. Abin bai fashe yadda aka nufa ba, sai wuta ta kama, wani fasinja ɗan Holan ya tsallake kujeru ya danne shi, ma'aikatan jirgi suka kashe wutar. A 2012 kotu ta yanke masa ɗaurin rai da rai.

To amma abin lura yana cikin makonnin da suka gabaci wannan rana. A watan Nuwamba na 2009 mahaifinsa, Alhaji Umaru Mutallab, sanannen ma'aikacin banki, ya tafi da ƙafarsa ofishin jakadancin Amurka a Abuja, ya shaida musu cewa ɗansa ya faɗa cikin tsattsauran ra'ayi, kuma yana kyautata zaton yana Yaman. Duk wanda ya haifa ya san nauyin wannan mataki. Uba ya kai ƙarar ɗan cikinsa ga baƙi domin ya kare rayukan mutanen da bai sani ba, wannan ba ƙaramar jarumta ba ce. Me aka yi da wannan labari? An shigar da sunan yaron cikin wani babban kundi mai sunaye fiye da rabin miliyan, aka bar shi a nan. Ba a sanya shi cikin jerin waɗanda aka hana hawa jirgi ba, ba a soke bizarsa ba, alhali Birtaniya ta riga ta hana shi tata bizar a watan Mayu na wannan shekara. Shugaba Obama da kansa ya amsa cewa gwamnatinsa tana da isassun bayanan da za su hana abin, amma ta kasa haɗa su wuri ɗaya. Da a ce an jibge jami'an tarayya dubu a kowace ƙofar filin jirgin Ditiroyit, da babu abin da za su tsinana, domin abin zai faru ne a sararin sama kafin jirgin ya iso gare su. Ma'aikaci guda a kan tebur, wanda zai karanta takarda ya haɗa ta da wata takardar, shi ne aka rasa.

Martanin da ya biyo baya shi ma abin dubawa ne. A farkon Janairun 2010 Amurka ta sanya Nijeriya cikin jerin ƙasashe 14 da za a riƙa yi wa mutanensu bincike na musamman. Ƙasar da uba ya fito daga cikinta ya yi gargaɗi, ita aka shafa wa baƙin fenti, laifin mutum ɗaya aka raba wa mutane fiye da miliyan ɗari. Ministar yaɗa labarai ta lokacin, Dora Akunyili, ta fito ta yi Allah wadai da matakin. A watan Afrilu na wannan shekara Amurka ta janye tsarin, ta maye gurbinsa da wanda ya dogara ga bayanan sirri a kan mutum, ba launin fasfonsa ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga igiya sai ya zabura, wannan halin ɗan Adam ne. Sai dai hukuma ba ta da uzurin tsara doka cikin zabura. Reid ɗan Birtaniya ne, kuma babu wanda ya ce a tuɓe kowane Bature.

Yanzu sai batun bindiga. Mutane da yawa ba su san cewa masu binciken TSA, duk da kakinsu da bajensu, ba 'yan sanda ba ne. Ba su riƙe makami, ba su da ikon kama mutum; idan suka ga abin laifi, 'yan sandan filin jirgin suke kira, waɗanda galibi na birni ne ko na jiha ko na hukumar filin. A ranar 1 ga Nuwamba 2013 wani mutum ya shiga filin jirgin Los Anjalas da bindiga, ya harbe wani jami'in TSA har lahira, ya raunata wasu. Shi ne jami'in hukumar na farko da aka kashe a bakin aiki. Ƙungiyar ma'aikatan ta nemi a kafa rukunin jami'ai masu makami a cikin hukumar. Shugabanninta ba su amince da riƙa wa masu bincike bindiga ba, suka zaɓi ƙara 'yan sanda a kusa da layuka a lokutan cunkoso. Ina ganin sun yi tunani. Aikin mai bincike shi ne ya sunkuya ya laluba jikin mutum, ya duƙa cikin jaka, ya zura ido a kan allon na'urar haska kaya. Mutumin da ke cikin wannan hali, a tsakiyar cunkoso, bindigar da ke ƙugunsa ta fi kusa da hannun wanda yake lalubawa. Ga shi kuma an shigo da makami daidai wurin da aka gina domin a hana makami wucewa.

Makami a hannun jami'i ma ba ya rabuwa da haɗari. A watan Disamba na 2005, a filin jirgin Miyami, dogaran jirgi suka harbe wani fasinja da ya fito daga jirgi a guje cikin ruɗu. Jami'an sun ce ya ambaci bam, amma ba a sami bam ba a jikinsa ko a kayansa, matarsa kuma ta bayyana cewa yana fama da lalurar ƙwaƙwalwa kuma bai sha maganinsa ba. Masu gabatar da ƙara ba su tuhumi jami'an ba, ni ma ban ce sun yi da gangan ba. Abin da nake cewa shi ne duk bindigar da aka ƙara a wurin taron jama'a, an ƙara damar irin wannan kuskure, don haka sai an tabbata amfaninta ya rinjayi haɗarinta.

Masu ra'ayin ƙara jami'ai suna da hujja mai ƙarfi guda, kuma rashin adalci ne a ɓoye ta. Da aka tsaurara bincike, maharan sai suka daina wahalar da kansu da shiga jirgi, suka koma kan jama'ar da ke tsaye a waje. A watan Maris na 2016 an tayar da bama-bamai a zauren tashi na filin jirgin Burasal, a watan Yuni kuma aka kai hari filin jirgin Atatuk na Santambul, inda fiye da mutum 40 suka rasu. A irin waɗannan wurare na'urar haska kaya ba ta da amfani. Jami'i mai makami, wanda ya ƙware kuma yake kusa, shi ne kaɗai zai iya taƙaita ɓarna. Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari. Sai dai hujjar tana nuna inda ya kamata mai bindiga ya tsaya ne, wato a ƙofar shiga, da zauren jama'a, da katangar fili. Ba ta nuna cewa mai bincike ya zama ɗan sanda ba, ba ta kuma nuna cewa sai ɗan sandan ya zama na tarayya ba. Ɗan sandan da ya shekara goma a fili ɗaya ya san kowane lungu da kowace fuska fiye da wanda aka turo daga babban birni jiya. Hasali ma dogon layin da bincike mai jan ƙafa ke haifarwa shi kansa ya zama abin hari.

Kuma kakin tarayya ba ya mayar da mutum gwani. A 2015 babban sufeton Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida ya tura mutanensa a ɓoye, ɗauke da makamai da bama-baman gwaji, su bi ta layukan bincike. Cikin gwaji 70 sun wuce a 67. An sauya wa muƙaddashin shugaban hukumar wurin aiki nan take. Kafin wannan, a 2013, ofishin bin diddigi na majalisa ya ce shirin da aka kashe wa kusan dala miliyan 900, na horar da jami'ai su gane mai mugun nufi ta kallon fuskarsa da motsinsa, ba shi da ƙwaƙƙwarar madogara a binciken ilimi. A ɗaya ɓangaren, filin jirgin San Faransisko na cikin 'yan filayen da doka ta bar wa kamfani mai zaman kansa ya yi bincike a ƙarƙashin ma'auni da sa idon tarayya, kuma tsarin ya ɗore shekara da shekaru. Wannan ya sa nake ganin cewa amfanin tarayya yana cikin ma'auni da horo da sa ido da ɗaukar alhaki, fiye da sunan wanda ke biyan albashi.

Albashin ma ya zama abin magana. Lokacin da rikicin kasafin kuɗi ya rufe wani sashe na gwamnatin Amurka na kwana 35, daga Disamba 2018 zuwa Janairu 2019, an wajabta wa masu bincike su ci gaba da aiki ba tare da biya ba. Da yawa suka daina zuwa, layuka suka yi tsawo, aka rufe wasu ƙofofi. Haka aka sake yi a 2025 na tsawon kwana 43. Gwamnatin da ke iya barin mai tsaron ƙofarta wata guda babu albashi, kafin ta yi maganar faɗaɗa ikonsa, ya kamata ta fara tabbatar da abincinsa.

Akwai wani haɗari da ba a cika ambata ba, shi ne cakuɗa ayyuka. Filin jirgi wuri ne da kowa ke nuna shaidarsa ya buɗe jakarsa, don haka kowace hukuma tana kwaɗayin ta kafa teburinta a can: mai neman ƙwaya, da mai neman kuɗi, da mai neman baƙin haure. Jami'an hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Amurka sun daɗe suna tare matafiya a bakin ƙofar jirgi, su nemi izinin bincike, idan suka ga kuɗi masu yawa su ƙwace, sau da yawa ba tare da an tuhumi mai kuɗin da wani laifi ba. Sai a watan Nuwamba na 2024, bayan babban sufeton Ma'aikatar Shari'a ya yi kakkausan suka, aka dakatar da wannan aiki. Mutane sun yarda a laluba jikinsu ne bisa sharaɗi ɗaya, shi ne domin kada jirgi ya faɗo. Idan aka mayar da wannan yarda wata kafa ta farautar kowane irin laifi, an ci amanar matafiyi, an kuma raba hankalin jami'i. Taura biyu ba ta taunuwa. Idon da ke neman daloli ba zai ga waya da batir ba.

Mu a Nijeriya ba sai an ba mu labarin wannan ba. Manyan filayen jiragenmu na tarayya ne tun asali, kuma babu wanda zai ce suna da ƙarancin kaki: ga jami'an tsaron hukumar filayen jirage, ga kwastan, ga shige da fice, ga masu yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ga 'yan sandan ciki, ga masu duba tsirrai da dabbobi. Duk da haka a 1993 Amurka ta dakatar da zirga-zirgar jirage kai tsaye zuwa Legas saboda raunin tsaro, ba ta ɗage ba sai a ƙarshen 1999. A watan Oktoba na 1993 ɗin, matasa huɗu masu adawa da soke zaɓen 12 ga Yuni suka yi fashin jirgin kamfanin jiragen saman Nijeriya da ya taso daga Legas zuwa Abuja, aka sauke shi a Yamai, sai bayan kwanaki jami'an tsaron Nijar suka kutsa suka kuɓutar da mutanen, aka rasa ran ma'aikacin jirgin guda. A watan Mayu na 2017 sai da muƙaddashin shugaban ƙasa, Yemi Osinbajo, ya sa hannu a wani umarni da ya buƙaci hukumomin su haɗe teburansu, ya kuma hana roƙo da karɓar na goro. Ba a bayar da umarnin hana abin da ba a yi.

Ɗaliban da ke shirin zama malamai za su gane wannan cikin sauƙi. Idan takardar jarrabawa ta fita tun daga maɗaba'a, 'yan sanda goma a ƙofar aji ba za su hana satar amsa ba. Haka abin yake a filin jirgi, domin da ɗan gari akan ci gari. A watan Fabrairun 2016 bam ya huda jikin wani jirgi da ya tashi daga Mogadishu, hotunan kyamara kuma suka nuna cewa wasu ma'aikatan filin ne suka miƙa wa maharin kwamfutar da aka ɓoye bam ɗin a ciki. A watan Disamba na 2018 hukumomin Saudiyya suka kama wata ɗaliba da ta tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano domin Umara, bisa zargin shigo da ƙwaya, laifin da hukuncinsa a can kan kai ga kisa. Binciken hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Nijeriya ya gano cewa wasu ma'aikatan filin ne suka liƙa sunanta a jakar da ba tata ba. Ta shafe wata huɗu a tsare kafin a sake ta a ƙarshen Afrilun 2019. Jakar da ta wuce da ƙwaya ta wannan hanya, za ta iya wucewa da abin da ya fi ƙwaya. Fasinja ya bi layi an laluba shi har sau uku, mai lodin kaya kuwa ya shiga ta ƙofar baya da katin wuyansa.

Don haka idan akwai wurin da ya dace a faɗaɗa aikin jami'an tarayya, to a nan ne: tantance duk wanda ke da katin shiga bayan fage, da maimaita tantancewar lokaci zuwa lokaci, da gwajin ɓoye irin na 2015 wanda za a riƙa yi a kai a kai, a kuma hukunta babba kafin ƙarami, da isar da bayanan sirri cikin sa'o'i maimakon makonni. Wannan aiki ne da matafiyi ba ya gani, shi ya sa 'yan siyasa ba su cika son sa ba. Jami'i mai sulke da bindiga a tsakiyar zaure ya fi kyau a hoton jarida. Bayan harin 2001 an girke dakarun tsaron ƙasa a filayen jiragen Amurka na wasu watanni, babban amfaninsu kuwa shi ne kwantar da hankalin jama'a su koma hawa jirgi. Kwanciyar hankali abu ne mai daraja, ban raina ta ba, amma a kira ta da sunanta, kada a saka ta a lissafin tsaro.

Masu makami kuwa a kai su inda harsashi ke fitowa. A ranar 26 ga Maris 2022 'yan bindiga suka ɓullo ta dajin da ke gefen filin jirgin Kaduna, suka kashe wani ma'aikaci da ke gadin na'urorin hukumar kula da sararin samaniya, aka jinkirta tashin jirgi, wasu kamfanoni kuma suka dakatar da zuwa Kaduna. Ba ta zauren fasinja suka biyo ba, ba su kuma nuna wa kowa fasfo ba. Ta bayan fili suka zo, inda titin jirgi ya yi iyaka da daji, can nesa da teburan da jami'ai ke zaune suna buɗe jakunkunan alhazai.